Rashin Haihuwa Daga Ɓangaren Namiji

Rashin haihuwa daga ɓangaren namiji lalura ce da ke hana mace ɗaukar ciki saboda wata matsala a jikin mijinta: ko dai marainansa ba sa samar da isassun ƙwayoyin maniyyi masu lafiya, ko hanyar da ƙwayoyin ke bi su fito ta toshe, ko kuma maniyyin ba ya isa inda ya kamata a lokacin saduwa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa ma'aurata na fama da rashin haihuwa idan suka yi wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da wata hanyar tsarin iyali ba, amma ciki bai shiga ba. Rahoton da hukumar ta fitar a watan Afrilun 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai shida a duniya, wato kashi 17.5 cikin 100, yana gamuwa da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta 'yar kaɗan ce. A kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai hannun matsalar namiji. A kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kuwa, daga gare shi kaɗai take.

Wannan lissafi ya yi hannun riga da yadda jama'a ke kallon lamarin. A ƙasar Hausa, kamar wurare da dama, idan aure ya kai shekara biyu shiru, ido a kan amarya yake. Ita ake kawo wa jiƙe-jiƙe, ita ake yi wa rubutu, ita ake yi wa gorin juya, a ƙarshe a ba mijin shawarar ya ƙara aure. Manomi ba ya ɗora wa gona laifi kafin ya duba irin da ya shuka, amma a sha'anin haihuwa sau da yawa gonar kaɗai ake tuhuma. Kuma kowace shekarar da miji ya yi yana jan ƙafa, daga shekarun haihuwar matarsa take fita, waɗanda ba sa dawowa.

Yadda ƙwayoyin maniyyi ke samuwa

Ruwan maniyyi daban, ƙwayoyin da ke cikinsa daban. Mafi yawan ruwan yana fitowa ne daga wasu ƙananan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, da kuma ƙululun da ake kira furostet. Ƙwayoyin da ke yin ciki ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke fita ba, kuma ido ba ya ganinsu. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ne ya fara bayyana su a 1677, bayan ya gan su ta madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa. Saboda haka mutum na iya fitar da maniyyi mai yawa, mai kauri, fari tas, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Duk hukuncin da ake yankewa da ido, na cewa maniyyin wane ya tsinke ko na wane ya yi kauri, ba ya faɗin komai game da haihuwa.

A cikin maraina ake ƙera ƙwayoyin, bisa umarnin wani ɗan ƙululu da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda ke aiko da sinadarai biyu ta cikin jini, FSH da LH. Na biyun ne ke sa maraina su samar da testosteron, sinadarin da ke kawo gemu da buɗewar murya da sha'awa. Ƙwaya ɗaya kan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ta kammala, sannan ta shiga wani siririn bututu nannaɗaɗɗe da ke manne a bayan maraina, mai tsawon kusan mita 6 in aka warware shi, ta yi kwanaki a nan tana nuna har ta iya iyo. Jimilla kusan wata uku ke nan. Wannan lissafi yana da amfani ƙwarai: zazzaɓi mai zafi da mutum ya yi a watan Janairu na iya ɓata awon da zai yi a Maris, haka kuma duk wani magani ko gyaran hali ba a ganin tasirinsa sai bayan wata uku. Aikin ƙera ƙwayoyin yana bukatar sanyi fiye da na cikin jiki da digiri 2 zuwa 3, dalilin da ya sa maraina suke a waje.

Akwai ruɗanin da ya fi kowanne hana maza zuwa asibiti, wato haɗa rashin haihuwa da raunin mazakuta. Abubuwa biyu ne mabambanta. Mafi yawan mazan da ba sa haihuwa ba su da wata matsala a shimfiɗa, haka nan akwai masu raunin mazakuta da ƙwayoyinsu ke nan lafiya lau. Ita ma haihuwar baya ba hujja ba ce: wanda ya haifi ɗa shekara goma da suka wuce na iya kamuwa da cuta a tsakani ta toshe masa hanya.

Musabbabai

Likitoci kan kasa su gida uku: waɗanda suka shafi saƙon da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa, waɗanda ke cikin marainan kansu, da waɗanda ke kan hanyar fita. A kusan kashi ɗaya cikin uku na maza kuwa, duk binciken da aka yi ba a gano takamaiman dalili.

Cikin abubuwan da ke gyaruwa, wanda aka fi gamuwa da shi shi ne kumburin jijiyoyin jini na cikin jakar maraina, barikosil a bakin likitoci. Jinin da ya kamata ya koma sama sai ya taru ya ɗumama wurin. Yana samun kimanin kashi 15 cikin 100 na maza baki ɗaya, amma a cikin waɗanda ba su taɓa haihuwa ba suka je neman magani yakan kai kashi 35 zuwa 40. Galibi a hagu yake, sau da yawa ba ya ciwo, sai dai nauyi-nauyi idan mutum ya daɗe a tsaye.

A Afirka ta kudu da Sahara cututtuka masu yaɗuwa suna da kaso mai tsoka. Ciwon sanyi da kilamidiya, waɗanda ake ɗauka ta saduwa, kan kumbura bututun da ke bayan maraina, su warke su bar tabo, tabon ya toshe hanya. Kilamidiya ta fi haɗari saboda sau da yawa ba ta nuna alama, kuma cutar da ta toshe miji ita ce dai ke toshe bututun ƙwan matarsa. Sayen ƙwayoyi biyu ko uku a kemis a sha har zafin fitsari ya lafa ba magani ba ne. Alama ce ke tafiya, ɓarna na ci gaba. Tarin fuka na iya sauka a wannan sashe na jiki. Haka ma tsargiya, wadda yara maza ke kwasowa a wankan rafi da madatsun ruwa da gonakin rani: ƙwayayen tsutsar kan maƙale a jakunkunan maniyyi da furostet, har a ga jini a maniyyi, alhali maganinta, faraziƙwantel, mai sauƙi ne. Hangum kuwa, in ya kama namiji bayan ya balaga, yakan sauko maraina a kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na masu shi. Galibi gefe ɗaya yake taɓawa, kuma bai cika hana haihuwa ɗungurungum ba sai in ya kama duka biyun.

Wasu matsalolin tun ƙuruciya suke farawa, a lokacin da gyaransu ke da sauƙi. Jaririn da marainansa ɗaya ko biyu ba su sauko cikin jaka ba yana bukatar tiyata kafin ya kai wata 18, domin zafin cikin ciki yana lalata su a hankali. Uwa ko ungozoma na iya lura da wannan a wurin wanka. Saurayin da ya tashi da matsanancin ciwon maraina farat ɗaya, wataƙila da amai, mai yiwuwa murɗewa suka yi jini ya daina zuwa, kuma awa 6 ne kawai ake da su a cece su. Kunya ta sa samari da yawa sun kwana da wannan ciwo sun wayi gari da asara. Aikin ƙaba ko gwaiwa da ba a yi shi da ƙwarewa ba shi ma na iya yanke bututun maniyyi.

Sai waɗanda ake haihuwar mutum da su. Larurar Klinefelter, wadda aka fara bayyanawa a 1942, tana samun kimanin namiji ɗaya cikin 600: yana zuwa da ƙarin kuromosom X guda, marainansa ƙanana ne masu tauri, kuma da yawa ba sa sanin suna da ita sai sun zo neman haihuwa. Wasu kuma wani ɗan yanki ne ya ɓalle daga kuromosom Y ɗinsu, wasu an haife su babu bututun maniyyi gaba ɗaya. Sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, tana raunana maraina, tana kawo miƙewar gaba mai ciwo da ke daɗewa ta illata mazakuta, sannan maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu ita yana rage yawan ƙwayoyi. Ciwon suga da ya daɗe kan lalata jijiyoyi har maniyyi ya riƙa komawa mafitsara maimakon ya fito.

Akwai kuma abin da mutum ke jawo wa kansa, ko sana'arsa ta jawo masa. Taba, wiwi, giya mai yawa da ƙiba duk suna rage inganci. Tiramadol da danginsa, waɗanda wasu ke sha don jinkirta inzali ko don ƙarfin aiki, suna dakushe saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina. Dogon zama cikin zafi, irin na masu gidan burodi da maƙera da direbobin dogon zango, yana da nasa tasirin. Dalma da wasu magungunan feshi ma haka: a 1977 aka gano cewa ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari a Kalifoniya ta Amurka sun daina haihuwa saboda sinadarin DBCP, daga baya aka ga irin haka ga leburorin gonakin ayaba a Amurka ta Tsakiya. Wannan darasi ne ga duk mai feshi babu safar hannu babu takunkumi. Magungunan ciwon daji da gashin da ake yi masa na iya kashe tushen ƙwayoyin gaba ɗaya.

Wani nazari da Hagai Levine da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya ce yawan ƙwayoyin maniyyi a Turai da Arewacin Amurka da Ostireliya ya ragu da fiye da rabi tsakanin 1973 da 2011. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman raguwar da dalilinta.

Awo

Awon maniyyi shi ne matakin farko, kuma yana cikin mafiya sauƙi da araha a duk binciken rashin haihuwa: babu allura, babu yanka. Ana bukatar mutum ya ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7. Ɗakin gwaji kan ba shi wata 'yar roba mai faɗin baki, mai murfi, da sunansa ko lambarsa a jiki. Dole dukkan abin da ya fita ya shiga ciki, musamman na farkon, domin a nan ƙwayoyi suka fi yawa. In wani ya zube, a faɗa wa mai awo. Ba a amfani da kororon roba na kasuwa, saboda sinadaran jikinsa na kashe ƙwayoyi, amma akwai na musamman da aka yi don wannan aiki, kuma mutum na iya samar da samfurin da taimakon matarsa. In a gida aka yi, sai a kai shi kafin awa ɗaya, a aljihun da ke manne da jiki, ba a firji ba, ba a cikin rana a kan babur ba. Abu ne mai nauyi ga mai kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A bugu na shida na littafin awon maniyyi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ƙananan ma'aunan su ne: yawan ruwa mililita 1.4, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, ko miliyan 39 a fita ɗaya, kashi 42 cikin 100 masu motsi, kashi 30 masu tafiya gaba, sannan kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Wannan na ƙarshen kan tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili, domin ko a jikin mai 'ya'ya goma mafi yawan ƙwayoyi ba su da cikakkiyar siffa. An samo alƙaluman ne daga mazan da matansu suka ɗauki ciki cikin shekara guda, aka ɗauki matakin da kashi 5 na can ƙasa suke. Ke nan faɗowa ƙasa da su raguwar dama ce, ba rufewar ƙofa ba. Kuma ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Ana maimaitawa, galibi bayan wata uku.

Idan ba a ga ƙwaya ko ɗaya ba, lamarin da ke samun kimanin namiji ɗaya cikin 100, da kashi 10 zuwa 15 na mazan da ba sa haihuwa, tambayar da ke gaban likita ita ce: toshewa ce, ko ba a ƙerawa ne? Likitan mafitsara zai duba girman maraina, ya laluba bututun maniyyi, ya duba jijiyoyi mutum na tsaye, ya sa a auna FSH da testosteron a jini, wani lokaci a ɗauki hoto ko a yi awon kuromosom. Maraina masu cikakken girma da FSH daidai sun fi nuna toshewa. Ƙanana da FSH mai yawa sun fi nuna matsalar ƙira. Wannan bincike yana da wata fa'idar ta daban, domin ciwon dajin maraina ya fi yawa a cikin mazan da ba sa haihuwa, kuma a irin wannan dubawa ake kama wasu da wuri.

Ƙa'ida ita ce a binciki miji da mata a lokaci guda, tunda sau da yawa kowannensu na da ɗan abin da ya kawo. In matar ta haura shekara 35, ba a jiran shekara. Wata 6 ya isa.

Magani

Ana farawa da abin da ba ya cin kuɗi: barin taba da ƙwaya, rage ƙiba, daidaita suga, kauce wa zafi. Saduwa duk bayan kwana biyu ko uku ta wadatar, domin ƙwayar maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, alhali ƙwanta ba ya wuce kwana ɗaya. Tara maniyyi na makonni da nufin ya yi ƙarfi kuskure ne. Yawa yake ƙaruwa, motsi na raguwa. In akwai cuta mai yaɗuwa, su biyun ake yi wa magani tare.

Mazan da matsalarsu ta rashin saƙo daga ƙwaƙwalwa ce 'yan kaɗan ne, amma su suka fi kowa samun waraka: allurar hCG da FSH na tsawon watanni, wani lokaci har shekara biyu, kan sa mafi yawansu su fara samar da ƙwayoyi. Akasin haka shi ne ba mutum testosteron, kuskuren da ya zama ruwan dare. Idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa kan ɗauka ya wadata ta daina aika saƙo, maraina su tsaya cik. Tasirin ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurarsa a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka wallafa sakamakon a 1990. Allurar gina jiki da wasu samari ke yi a wuraren ɗaga ƙarfe haka take aiki. Yawanci ƙwayoyi kan dawo cikin wata 6 zuwa shekara biyu bayan an daina.

Masu tallar magani a kasuwa da tasha da rediyo kan jingina komai ga sanyi, ko basir, ko zaƙi, su sayar da maganin ƙarfin maza a matsayin maganin haihuwa. Ko da ya ƙara sha'awa, ba ya buɗe bututun da ya toshe. Hatta ƙwayoyin bitamin masu tsada da ake rubutawa a asibiti hujjarsu ba ta da ƙarfi. Wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2020 bai ga sun ƙara haihuwa ba.

Tiyatar ɗaure jijiyoyin barikosil tana inganta awo ga mafi yawan waɗanda kumburinsu ya kai a ji shi da hannu kuma awonsu ya nuna rauni. Wanda hoto kaɗai ya gano ba a yi masa aiki. Wasu toshewar ana iya yanke wurin a sake haɗawa a ƙarƙashin madubi. Idan raunin ɗan kaɗan ne kuma bututun matar a buɗe suke, ana iya wanke maniyyin miji a tace masu kuzari a zuba su cikin mahaifa da siririn bututu ranar da ƙwai zai fito. Wannan hanya, IUI, tana cin nasara a kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kowane gwaji.

Dashen ƙwai

An haifi jaririyar farko ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, wato IVF, a ranar 25 ga Yulin 1978 a Oldham ta Ingila, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards, wanda ya samu kyautar Nobel a 2010. A Najeriya, Oladapo Ashiru da Osato Giwa-Osagie ne suka fara aikin a Legas a shekarun 1980, sannan a 1998 aka haifi wata jaririya ta wannan hanya a Abuja ƙarƙashin Dakta Ibrahim Wada. Sai dai IVF na asali bai amfani maza masu tsananin rauni ba, domin yana bukatar dubban ƙwayoyi a kewaye da kowane ƙwai.

Sauyin ya zo a 1992 a Brussels ta Beljiyam, lokacin da Gianpiero Palermo da abokan aikinsa suka sanar da haihuwar farko ta hanyar ICSI. Mai aikin kan zauna gaban madubi, ƙwai na riƙe a bakin wani bututun gilashi ta hagu. Da wata allurar gilashi da ta fi gashi siranta zai zaɓi ƙwaya ɗaya mai kyau, ya danne mata wutsiya ta daina motsi, ya zuƙe ta, ya huda ƙwan ta dama ya ajiye ta a ciki. Ƙwaya ɗaya, ƙwai ɗaya. Daga nan mutumin da maniyyinsa babu komai ya samu ƙofa: in toshewa ce, kusan kullum ana samun ƙwayoyi ta hanyar zuƙowa da allura daga maraina, in matsalar ƙira ce, tiyatar da Peter Schlegel ya bayyana a New York a 1999, inda ake buɗe maraina a ƙarƙashin madubi a nemi 'yan wuraren da ke aiki, tana samo ƙwayoyi ga kusan rabin maza, har da masu larurar Klinefelter. Awon kuromosom Y kafin tiyata yana da muhimmanci: ɓallewar wasu yankuna na nufin ba za a samu komai ba, a huta da yanka, ɓallewar da ake samun ƙwayoyi da ita kuwa, ɗa namiji zai gaje ta.

Abin da ya kamata kowane miji ya sani shi ne, ko da lalurar tasa ce, jinyar a jikin matarsa take sauka. Ita ce za ta sha allura kullum na kwana 10 zuwa 12, ta yi ta zaryar ɗaukar hoto, a sa mata maganin barci a zuƙo ƙwayayen da doguwar allura, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da ɗan tayin mahaifarta, ta yi mako biyu tana jiran sakamako. Ita ke fuskantar haɗarin kumburin ma'ajiyar ƙwai, da na cikin tagwaye ko 'yan uku in an dasa fiye da ɗaya. Nasarar ma shekarunta ne ke yanke ta: kimanin ɗaya cikin uku a kowane dashe ga 'yar ƙasa da shekara 35, ƙasa da kashi 5 cikin 100 bayan shekara 43. Kuɗin gwaji ɗaya a Najeriya miliyoyin naira ne, daga aljihu ake biya, kuma cibiyoyin sun fi taruwa a Legas da Abuja da Fatakwal. Inda bukata ta yi yawa kuɗi ya yi kaɗan, 'yan damfara kan shigo. A Nuwamban 2024 sashen binciken BBC na Afirka ya fallasa masu yi wa mata cikin ƙarya a jihar Anambra, su karɓi kuɗi, a ƙarshe su miƙa musu jariran da aka sayo.

Wanda za a fara yi wa maganin ciwon daji yana iya adana maniyyinsa tun kafin a fara. Ana daskarar da shi a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya yi shekaru yana da amfani. Tun 1953 aka samu cikin farko da daskararren maniyyi a Iowa ta Amurka.

Matsayin addini

A 1980 Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, Muftin Masar a lokacin, ya ba da fatawar halaccin dashen ƙwai matuƙar maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa, kuma auren na nan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Amman a Oktoban 1986, ta haramta duk hanyar da wani na uku ya shigo, ko da maniyyi, ko da ƙwai, ko da aron mahaifa, domin kare nasaba. Wannan shi ne matsayin malaman Sunna. A Iran, fatawar Ayatullah Khamenei ta 1999 ta buɗe ƙofar karɓar gudummawa bisa sharuɗɗa, ko da yake malaman Shi'a da dama ba su yarda da gudummawar maniyyi ba. Cocin Katolika, a takardarta ta 1987 mai suna Donum Vitae, ta ƙi amincewa da IVF baki ɗaya, yayin da ɗarikun Kirista da dama suka yarda da shi tsakanin miji da mata. Saboda batun nasaba, haƙƙin ma'aurata ne su tambayi cibiya yadda take lakabta samfura da kiyaye su daga cakuɗuwa.

Zaman aure a lokacin jinya

Mai nazarin al'umma Marcia Inhorn, wadda ta yi shekaru tana bincike a asibitocin haihuwa na Masar da Lebanon, ta rubuta yadda mata da yawa ke ɗaukar laifin a kansu a gaban dangi don rufa wa mazajensu asiri. Ta kuma lura da wani abin takaici bayan zuwan ICSI: matar da ta yi haƙuri shekara goma sha biyar da mijin da ba ya haihuwa, sai magani ya samu lokacin da ƙwanta ya tsufa, wasu mazan su nemi yarinya. Duk wanda ya san zaman gidajenmu ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Namijin da aka faɗa wa sakamakonsa yakan shiga baƙin ciki na gaske, wani ya yi shiru, wani ya koma faɗa, wani ya ƙi yarda ya yi ta sauya ɗakin gwaji. Saduwa bisa kalanda kan kashe sha'awa har ta haifar da raunin da da babu shi. Ma'auratan da suka fi jurewa su ne waɗanda ke shiga wurin likita tare su ji bayani da kunnuwansu, suka yanke tun farko wa za a faɗa wa a dangi da wanda ba za a faɗa wa ba, nawa za su iya kashewa ba tare da sayar da gida ko gona ba, kuma gwaji nawa za su yi kafin su dakata. Ba dole ba ne miji ya tallata sirrinsa a majalisa. Amma kalma ɗaya daga bakinsa ga mahaifiyarsa, “Hajiya, mun je asibiti tare, ba laifinta ba ne, a daina yi mata maganar,” tana kashe gorin da matar ba za ta iya kashewa da kanta ba. Ƙarin aure kafin awo kuwa ba ya magance komai, mace ta biyu kawai yake jawowa cikin jira.

Wasu magani ba ya ci musu duk ƙoƙarin da aka yi. Riƙon ɗan ɗan'uwa ko maraya tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma Musulunci ya kwaɗaitar da ita, da sharaɗin yaro ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa. Riƙon ba ya ba shi gado, amma ana iya yi masa kyauta ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. A littattafan fiƙihun Malikiyya, rashin iya saduwa na cikin aibobin da ke ba mace zaɓin rabuwa, rashin haihuwa shi kaɗai ba ya cikin jerin, amma ƙofar hul'i a buɗe take gare ta. Mata da yawa sukan zaɓi zama, kuma zaɓin ba ya zama nata sai ta san gaskiya. Mijin da ya karɓi takardar awonsa ya ɓoye, ya bar matarsa tana shan sassaƙe da gori har al'adarta ta ɗauke, ya zalunce ta.